Lasisin aski a Amurka: abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki kilifa

A ƙasar Hausa yaro kan tashi a gidan wanzamai, ya riƙa ɗaukar wa mahaifinsa zabira har hannunsa ya faɗa. Wani kuma ya zauna a shagon maigidansa yana share gashi, yana kallo, wata rana a miƙa masa kilifa. Babu mai tambayar su takarda. A Amurka abin ba haka yake ba. Ko ka shekara ashirin kana aski a Kano ko Maraɗi, doka ba ta yarda ka taɓa kan mutum don kuɗi ba sai kana da lasisi, wato takardar izinin yin sana'a.

Wa ke ba da lasisin?

Gwamnatin tarayya ba ta da hannu a ciki. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da dokarta da hukumarta mai kula da masu aski, haka ma birnin Washington. Jihar Minesota ce ta fara kafa irin wannan doka a 1897, Alabama kuma ita ce ta zo ƙarshe a 2013. Hukumar jiha ce ke amincewa da makarantu, ta tsara jarrabawa, ta ba da lasisi, ta tura masu duba shaguna, ta kuma ƙwace lasisin wanda ya karya doka.

Saboda haka babu lasisi guda da ke aiki a faɗin ƙasar. Wanda ka samu a Teksas ba zai ba ka damar aiki a New York ba.

Me ya kawo wannan tsanani a kan aski kawai?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana bakin aska. Reza ko kilifa da ta yanki mutum ɗaya, aka ɗora ta a kan wani ba tare da an tsabtace ta ba, tana iya ɗaukar ciwon hanta daga jini zuwa jini. Makero da ƙurajen ƙeya kuwa ba sa ma buƙatar jini, mataji ko tawul ya ishe su.

Idan ka shiga shagon aski a can, duba gaban madubi. Za ka ga doguwar kwalba cike da shuɗin ruwa, an tsoma matajai da almakashi a ciki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wanda aka fi sani da sunan Barbicide, kuma kayan sai sun ɗauki mintunan da aka rubuta a jikin robar maganin kafin a fito da su. Za ka ga mai askin ya zagaya wa mutum siririyar takarda a wuya kafin ya yafa masa mayafi, don kada mayafin da ya taɓa wuyan wani ya taɓa nasa. Can gefe kuma lasisinsa na rataye inda kowa zai gani. Duk waɗannan ƙa'idoji ne da mai duba shago ke iya shigowa ba sanarwa ya bincika. Wannan ɓangare na dokar, a ganina, babu abin ƙi a cikinsa, kuma da shagunanmu na gida za su ɗauki ko rabinsa da an rage cututtuka da yawa.

Awa nawa za ka yi a makaranta?

Nan ne jihohin suka fi rabuwa. Ba a ƙirga karatun da shekara ko zango, ana ƙirga shi ne da awannin da ɗalibi ya yi a cikin makarantar da hukuma ta amince da ita. Mishigan tana neman awa 1,800. Jojiya da Illinois suna neman 1,500, Pennsylvania 1,250. Fulorida ta rage nata daga 1,200 zuwa 900 a 2020. Kalifoniya ta sauko daga 1,500 zuwa 1,000 tun farkon 2022, Teksas ma yanzu 1,000 take nema.

Don ka gane nauyin abin: idan kana zuwa awa 40 a mako, awa 1,000 za ta ci maka kusan wata shida, awa 1,500 kuma kusan wata tara. Mai aiki da rana yana karatu da yamma zai iya ninka wannan lokaci.

Me ake koyarwa har tsawon wannan lokaci? Ana farawa da aji: yadda fata da gashi suke, cututtukan fatar kai da yadda ake gane su, tsabtace kayan aiki, sinadaran rina gashi da na miƙar da shi, da dokokin jihar. Daga nan a koma kan mutum-mutumi mai gashi, sannan a kan mutanen da ke zuwa makarantar a yi musu aski da rahusa, malami na tsaye yana kallo. Gyaran fuska da aska yana cikin manyan darussa, domin a jihohi da yawa shi ne ya raba mai aski da mai gyaran gashin mata, wanda lasisinsa daban ne.

Akwai masu sukar yawan awannin nan, kuma suna da hujja. Ma'aikacin motar asibiti na matakin farko, mai kai ɗauki ga wanda ya yi haɗari, horonsa bai cika wuce awa 150 da 'yan kai ba. Da wuya a gamsar da mutum cewa kan ɗan Mishigan ya ninka na ɗan Fulorida wuyar aski. Wannan sukar ce ta sa jihohi da dama suka rage awanninsu a 'yan shekarun nan. Amma kafin a canza doka, ita za ka bi.

Idan ba ka son makaranta fa?

Wasu jihohin sun yarda ka koyi sana'ar a hannun mai lasisi a cikin shago, kusan yadda muka saba. Bambancin shi ne sai an yi maka rajista da hukuma tun ranar farko, kuma lokacin ya fi tsawo: shekara biyu a New York, awa 3,000 a Jojiya, awa 3,200 a Kalifoniya. Amfaninsa shi ne kana iya samun ɗan abin hannu kana koyo. Aikin da ka yi a shago kafin rajista ba ya shiga lissafi, ko da ka shekara kana yi. Kuma ba kowace jiha ce ta buɗe wannan ƙofa ba.

Jarrabawa da sauran sharuɗɗa

Bayan cika awanni sai jarrabawa. Yawanci kashi biyu ce: ta rubutu, wadda ake yi a kwamfuta ana zaɓar amsa, da ta aiki, inda za ka yi aski da gyaran fuska a gaban mai sa maki. A wannan ta biyun, wanke hannu da tsabtace kaya suna da maki kamar kyan askin kansa, kuma gwanaye kan faɗi a nan saboda sabo da gaggawa. Kalifoniya ta soke ta aikin a 2022, ta bar ta rubutu kaɗai.

Shekarun da ake nema sukan fara daga 16 zuwa 18: Fulorida 16, New York da Kalifoniya 17. Wasu jihohin na neman shaidar ka yi wani mataki na sakandare. New York tana neman likita ya duba ka ya sa hannu, tare da ɗan gajeren kwas kan cututtuka masu yaɗuwa. Fulorida tana neman kwas kan cutar ƙanjamau.

Nawa zai ci?

Kuɗin hukuma, na cike takarda da jarrabawa da lasisin, ba shi ne matsala ba, bai cika wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Makaranta ce mai cin kuɗi. A makarantu masu zaman kansu abu ne da aka saba kuɗin ya haura dala 10,000, ban da kilifa da almakashi da littattafai. Kwalejojin gwamnati na yanki sun fi sauƙi. Lasisin kuma ana sabunta shi: duk shekara biyu a Kalifoniya, duk shekara huɗu a New York. Idan shago za ka buɗe, shi ma yana da nasa lasisin daban.

Wanda ya zo da gwanintarsa daga gida fa?

Wasu jihohin suna duba aikin da mutum ya yi a wata jiha ko wata ƙasa, su rage masa awanni ko su bar shi ya zauna jarrabawa kai tsaye. Sai dai shaida a rubuce suke nema, kuma wanda ya koya a hannun mahaifinsa da wuya ya samo ta. Ka kuma sani cewa lasisin sana'a ba takardar izinin zama ko aiki a ƙasar ba ne, hukumar shige da fice ce ke da wannan.

Ga wanzami na gado akwai gargaɗi na musamman. Kaho da kaciya da cire beli da tsaga ba sa cikin abin da lasisin aski ya halatta. A can aikin ma'aikatan lafiya ne, kuma yin su da sunan aski yana iya kai mutum gaban alƙali.

Kafin ka biya wa kowace makaranta ko sisi, shiga shafin intanet na hukumar jihar da za ka zauna, ka tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda ta amince da su. Idan ba ya ciki, awannin da za ka yi a can ba za a ƙirga maka ko ɗaya ba.