Maleriya da Taifot: Yadda Ginin Ƙwayar Halitta Ya Raba Maganinsu

A bakin jama'a, maleriya da taifot tare ake ambatonsu. Da zarar zazzaɓi ya kwantar da mutum, sai ka ji 'yan dubiya suna cewa ko dai wannan ce ko waccan, ko ma duka biyun. Amma halittun da ke haddasa su ba su haɗa dangi ba ko kusa. Ta fuskar ginin jiki, ƙwayar cutar maleriya ta fi kusa da ɗan Adam fiye da yadda ta kusanci ƙwayar taifot, kuma daga nan ne maganinsu ya rabu.

Duk mai rai, daga giwa har gero, da ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda galibinsu ido ba ya iya gani. Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayyana su a 1665, da ya duba ɓawon itace a madubi mai ƙara girma. Bayan shekara goma da 'yan kai, Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ga bakteriya suna motsi a ɗigon ruwa. Sai a ƙarni na 20 masana suka tabbatar cewa ƙwayoyin nan iri biyu ne: furokariyot da yukariyot.

Akwai abubuwa huɗu da kowace ƙwaya take da su. Tana da tantani da ya kewaye ta, wanda ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Tana da ruwa mai kauri a ciki, inda ake sarrafa sinadarai. Tana da DNA, mai ɗauke da umarnin gina jiki da gadon iyaye. Tana kuma da ribosom, waɗanda ke karanta umarnin su haɗa furotin. Bambancin yana ga tsarin ciki. Furokariyot kamar gwauro ne mai ɗaki ɗaya: nan yake kwana, nan yake girki, nan ya jibge kayansa. Yukariyot kuwa babban gida ne mai sassa, turaka daban, madafa daban, rumbu daban.

Bakteriya su ne fitattun furokariyot, tare da wani rukuni mai suna arkiya, wanda Carl Woese na Amurka ya ware a 1977. Yawancinsu ba su wuce maikuromita 1 zuwa 5 ba, maikuromita kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. DNA ɗinsu zagayayye ne, yana zaune cikin ruwan ƙwayar ba tare da wani shamaki ba. Kusan dukkansu suna da bango mai ƙarfi a bayan tantani, wasu kuma, irin ƙwayar kwalara, suna da siririyar wutsiya ta iyo. Wani nau'in da ke hanjinmu yana iya rabuwa biyu cikin minti 20 idan ya samu abinci da ɗumi. Taifot, tarin fuka, mashaƙo da sanƙarau na lokacin zafi duk aikin bakteriya ne. Amma su ne kuma ke mayar da madara kindirmo, su nuna daddawa, su kuma zauna a saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa taki daga iska.

Mutane, dabbobi, tsirrai, naman kaza da yis ɗin burodi duk yukariyot ne. Ƙwayoyinsu sukan kai maikuromita 10 zuwa 100. Suna da cibiya mai tantaninta, wato nukiliyas, inda aka killace DNA. A jikin mutum an naɗe shi cikin kuromosom 46, kuma da za a warware na ƙwaya ɗaya tak, zai kai kusan mita 2. Mitokondiriya na ƙona sukari da iskar da muke shaƙa don samar da kuzari, shi ya sa ta yi yawa a tsokar zuciya. Akwai wasu lunguna na tantani inda ake gyara furotin a haɗa maiƙo, sai sashen Golgi da ke ƙunshe su ya aika inda ake buƙata, sai laisosom da ke narkar da abin da ya lalace. Tsirrai sun ƙara da kuloroflas mai haɗa abinci da hasken rana, da bangon seluloz, da babbar jakar ruwa. Idan jakar nan ta ƙafe, ganye sai ya yi yaushi.

A kan wannan bambanci aka gina magungunan antibiyotik. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su amfisilin da amoksisilin, suna hana bakteriya gina bangonsu, sai ruwa ya cika su su fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, don haka maganin ke wuce su. Tetirasaikilin da jentamaisin kuwa ribosom suke toshewa, kuma ribosom ɗin bakteriya ya fi namu ƙanƙanta, ƙirarsa ma daban.

Sai dai akwai inda iyakar ta haɗe. A 1967 Lynn Margulis ta kafa hujja cewa asalin mitokondiriya bakteriya ce da ta shiga cikin wata ƙwayar ta zauna, kuma bincike ya gaskata ta. Har yau mitokondiriya na da zagayayyen DNA nata da ribosom masu kama da na bakteriya. Wannan yana cikin dalilan da ke sa jentamaisin iya kurmantar da wasu mutane. Allura ce da ba a yin ta sai da umarnin likita.

Ƙwayar maleriya, wadda likitan Faransa Alphonse Laveran ya fara gani a jinin majinyaci a Aljeriya a 1880, yukariyot ce mai cibiya da mitokondiriya. Ba ta da bangon da amoksisilin zai rusa, don haka ko kwali guda aka sha ba zai taɓa ta ba. Maganinta shi ne haɗin da ke ɗauke da atemisinin. Mura da ƙyanda kuwa bairos ke kawo su, shi kuma ba ƙwayar halitta ba ne ma, ba bango ba ribosom.

Shan kafson antibiyotik ba bisa ƙa'ida ba bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Yana kashe bakteriya masu rauni, ya bar masu juriya su yaɗu. Bakteriya kuma suna da wasu ƙananan zobban DNA da suke miƙa wa juna, har tsakanin nau'o'i daban, sai juriyar ta yi ta yawo. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

Don haka darasin ƙwayar halitta ya wuce na cin jarrabawar sakandare. Gwajin maleriya na gaggawa ɗigon jini ɗaya yake buƙata, kuma cikin minti 20 sakamako ke fita. Mai zazzaɓi ya yi gwaji kafin ya haɗiyi komai, mai kemis ya daina haɗa magani bisa cinta, wanda aka rubuta wa antibiyotik kuma ya sha yadda aka ce, kada ya rage wa ɗan'uwansa. Magungunan da ke hannunmu ba su da yawa, sababbi kuma ba sa fitowa da sauri.