Shaihu Umar da Yaran da Aka Sata a Zamfara

A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, kuma cikin littattafan da suka fito daga gasar a 1934 har da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauchi. An daɗe ana karanta shi a matsayin labarin zamanin bauta da ya shuɗe. Mai karatu a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba shi da wannan sararin. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a Satumba kuma aka tafi da ɗalibai 73 daga makarantar Kaya a Maradun. Yaron da aka raba da uwarsa, a nan, ɗan maƙwabci ne.

Abin da ya sa littafin ya fi ƙarfin ban tausayi shi ne irin burin da marubucin ya ɗora wa gwarzonsa Umar. Buri iri biyu ya jera. Na farko shi ne na Makau, mijin uwar Umar, bafaden da darajarsa ta rataya ga yardar sarki da ganimar hari. Da abokan fadancinsa suka yi masa sharri, rana ɗaya ta ishe shi rasa gida da matsayi. Kada a manta kuma, harin da ya ɗaga Makau na kamo 'ya'yan wasu ne, irin abin da daga baya ya faɗa wa ɗan matarsa. Na biyu shi ne na Umar. An sace shi yana ƙarami, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa Masar ya sa shi karatu, ya dawo ƙasar Hausa ya zauna a Rauta almajirai na kewaye da shi. Bai nemi rawani ba, bai nemi fansa ba. Girmansa abu ne da ɗan hari ba ya iya ɗaurewa a bayan doki.

Masu suka na cewa Umar ba gwarzo ba ne, kara ne da ruwa ke ja, kome yi masa ake yi. In aka gwada shi da Alhaji Imam na littafin Ruwan Bagaja, mai fita neman suna da wayo da dabara, zancen yana da ƙamshin gaskiya. Amma wane zaɓi ke hannun yaron da aka sata? Zaɓinsa ɗaya ne, abin da zai zama bayan an cuce shi, kuma a nan Umar ya yi aiki mai wuya: ya riƙe allo, ya hana ɗacin rai cinye shi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wai littafin na koya wa wanda aka zalunta haƙuri, azzalumi kuwa ya sha. Amma Tafawa Ɓalewa bai wanke kowa ba. Uwar Umar ta bi sawun ɗanta har ita ma aka bautar da ita, ta gan shi bayan shekaru a wahale, ba ta daɗe ba ta rasu. Shaihun da ke ba almajiransa labari a Rauta ya sami ilimi da daraja, amma uwarsa tana kwance a ƙasar da ba tata ba.