Pijo mai buɗaɗɗen sama: yadda ake gane farashin gaskiya kafin a tura kuɗi

Hoton yakan fara yawo ne a WhatsApp: jar mota mai ƙofa biyu, an naɗe rufinta baya, tana sheƙi a bakin wani garaji a Faransa. Ɗan'uwa mazaunin Lyon ko Paris ne ke turo wa mutanen gida, tare da farashi da tambaya guda: “Ta yi tsada?” Wani don sha'awa yake son ta, wani kuma lissafinsa ya kawo ta Yamai ko Maraɗi ya riƙa ba da haya a bukukuwan aure. Sau da yawa kuɗin da za a zuba tarin shekaru ne na aiki a ƙasar waje.

Motar da ta fi jan hankali a irin wannan ciniki ita ce Peugeot 504 Cabriolet. Sunan 504 ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ita ce Pijon da ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano, kuma masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. An ƙera 504 sama da miliyan 3 a duniya. Amma mai buɗaɗɗen sama, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana aka nuna ta a baje kolin Geneva a 1969, kimanin dubu 8 kawai aka yi kafin a daina a 1983. Daga ciki, masu inji V6, waɗanda aka yi tsakanin 1974 da 1977, ba su kai dubu ɗaya ba.

Kuɗin talla daban, kuɗin sallama daban

Wannan ƙarancin shi ne jarin mai sayarwa, kuma shi ne tarkon mai saye. Motar yau da kullum tana da farashin da kowa ya sani. Mai neman Corolla zai zagaya wuraren sayar da motocin okaziyo biyar a Yamai, kafin la'asar ya san kasuwa. Motar da ba ta da yawa ba ta da wannan ma'auni, don haka kowa yakan rubuta abin da ransa ya ba shi.

Farashin da ake gani a shafukan talla irin su Leboncoin burin mai mota ne. Tallar da ta yi wata shida a shafi ba ta nuna darajar mota, tana nuna kuɗin da masu saye suka ƙi biya. Abin dogaro shi ne kuɗin da aka sallama irinta. Gidajen gwanjo kamar Artcurial da Osenat suna wallafa sakamakon gwanjonsu, jaridar La Vie de l'Auto kuma tana fitar da jadawalin ƙimar tsofaffin motoci. Mai hankali yakan tara ciniki uku zuwa biyar na kwanan nan, masu inji iri ɗaya da yanayi kusan ɗaya, sannan ya san inda tayinsa zai fara.

Abin da fenti ke ɓoyewa

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon da hoto kawai ya gani bai san komai ba. Injin 504 mai silinda huɗu dangin wanda makanikan gida suka sani ne, ko da yake na wannan samfurin yana da famfon fesa mai na Kugelfischer, wanda ba kowa ke iya taɓawa ba. Babbar matsalar tana ga gangar jiki. An rage tsawon tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya da santimita 19, kuma ƙofofinta, fitilunta da gilasanta ba sa shiga da na Pijon tasha. Abin da ya fashe, sai an nemo shi daga Turai.

Mota marar rufin ƙarfe ƙarfinta yana ƙasa ne, a daɓe da dogarawan ƙofa, wuraren da gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin sanyi ya fi ci. Masu duba mota sukan ɗaga ta su buɗe ƙofa su rufe. Idan ƙofar ta cije, jikin ya saki. Sukan bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu; inda ya ƙi kamawa, mastik aka cika aka shafe da fenti. Sai tamfol ɗin rufi da ƙarafunansa da robobin gefe, da ɗaga kafet a ga ko ruwa ya taɓa kwana a ciki. Agogon kilomita ba hujja ba ne, domin a tsofaffin motoci da yawa yana komawa sifili bayan dubu 100. Rasiɗan gyara na shekaru sun fi shi faɗin gaskiya.

Takardu ma kuɗi ne. Dole lambar shasi ta dace da ta kart giriz, kuma a tabbatar ba a yanke rufin wata aka mayar da ita buɗaɗɗiya ba, ko an dasa mata V6 daga baya. A Faransa, dokar sayar da mota tsakanin mutum da mutum ta tanadi takardar bizit teknik da ba ta wuce wata shida ba, da shaidar cewa babu bashi ko takunkumi a kan motar. Shafin HistoVec na gwamnati yana ba da tarihinta kyauta idan mai ita ya buɗe. Wanda ya ƙi nuna waɗannan, ya kuma matsa a tura kafin alƙalami, cinikin biri a sama yake nema.

Lissafi a takarda

A ɗauki misali. A ce lafiyayyu irinta sun tashi yuro dubu 30, wannan kuma an sa mata dubu 28. Da gani kamar an samu sauƙi. To amma idan mai duba mota ya ƙiyasta walda, fenti da sabon rufi a kan dubu 9, farashinta na gaskiya bai wuce dubu 21 ba. Da yake yuro ɗaya CFA 655,957 ne a tsaye, wato kusan 656, dubu 21 ɗin ya kama miliyan 13 da jaka 775. Rarar dubu 7 da za a biya a banza ta haura miliyan 4 da rabi.

Wannan kuma kuɗinta ne a Turai. Mai kawo ta gida sai ya ƙara kuɗin jirgin ruwa, na tashar jirage, na duwan da na ɗauko ta a kan babbar mota. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa sun bar hanyar Kwatano sun koma ta Lome da Burkina Faso, wadda ta fi nisa da tsada. Gara a karɓi ƙiyasin duwan daga masu fitar da kaya tun kafin a biya ko dala.

Tambayar ƙarshe ita ce wadda zumuɗi ke sa a manta: ranar da buƙata ta taso, wa zai saye ta? Masu biyan manyan kuɗi kan 504 Cabriolet suna Turai ne. A Damagaram ko Tawa, zafin Afrilu da ya wuce digiri 40 da ƙurar hunturu suna gaggauta tsufan tamfol da kujeru, masu tayi kuma ba su da yawa. Wanda ya saya don nishaɗi, ya san abin da ya biya wa. Wanda ya saya don ajiyar kuɗi ko haya, sai ya ƙidaya bukukuwa nawa za su mayar masa da uwar kuɗinsa. Idan lissafin bai fita ba, mai saye ma yana da ikon cewa albarka ya kama gabansa.