Maganin warin hunhuna cikin kilim na mota

Darasinmu na yau ya shafi direbobi, da yaran mota, da duk mai shiga mota. Za mu yi magana bisa warin da ke fitowa daga kilim, wato na'urar sanyaya mota.

Ka tada mota da safe. Ka kunna kilim. Sai wari ya buge ka, kamar na jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana cikin buhu. Wannan warin hunhuna ne. Kada ka raina shi. Iskan nan shi kake shaƙa, kai da iyalinka da fasinjojinka. Yana iya sa atishawa da tari da ƙaiƙayin ido. Ya fi cutar da mai ciwon asma.

Mene ne ke kawo shi?

Ka zuba ruwan ƙanƙara cikin kwano lokacin damana. Ba da jimawa ba za ka ga bayan kwanon ya yi raɓa. Ruwan nan daga cikin iska ya fito, domin iska mai laima yana sakin ruwa in ya taɓa abu mai sanyi.

Haka abin yake cikin mota. Bayan tablo akwai wani ƙarfe mai ƙananan ramuka, kamar ƙaramin radiyater. Makanikai suna ce masa ebaporater. Shi ne ke yin sanyi. Fanka tana hura iska ta cikinsa, sai raɓa ta taru a jikinsa. Ruwan yana bin wani ƙaramin tiyo, ya ɗiga ƙarƙashin mota. Saboda haka in ka ga ruwa fari yana ɗiga bayan ka yi tafiya da kilim, hankalinka ya kwanta. Alamar lafiya ce.

A ƙasarmu hunturu yana kawo ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar tana maƙalewa a jikin ƙarfen nan. Damana kuma tana kawo laima daga Yuni zuwa Satumba. In ƙura da ruwa da duhu sun haɗu, hunhuna da ƙwayoyin cuta sun sami gida. Shi ya sa warin ya fi tsanani cikin watan Agusta.

Yadda za ka magance shi

1. Duba tiyon ruwa. Kunna kilim minti 10, ka leƙa ƙarƙashin mota. In lokacin damana ne ba ka ga ɗigon ruwa ba, wataƙila tiyon ya toshe. Taɓa tapi na wurin ƙafar fasinjan gaba. In ya jiƙe, ruwan ciki yake komawa. Laka ko ganye ko gidan zanzaro suna toshe tiyon. Makanike yana buɗe shi da iskan famfo ko da waya mai laushi.

2. Canja matatar iska. Yawancin motocin yanzu suna da ita bayan ƙaramin akwatin da ke gaban fasinja. Ciro ta, ka ɗaga ta wajen rana. In ta yi baƙi, ko tana wari, jefar da ita ka sa sabuwa. Matatar takarda ba a wanke ta. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a canja ta sau 1 a shekara, ko bayan kilomita 15.000. Mai bin hanyar ƙasa, kada ya jira har lokacin ya cika. Wasu tsofaffin motoci ba su da matata ko kaɗan.

3. Share ƙofar iska. Tana gindin gilashin gaba, daga waje. Buɗe kapo, ka kwashe ganyen dogon yaro da ciyayi. In ganyen ya jiƙe ya ruɓe, warinsa cikin mota yake shiga.

4. Wanke ebaporater. Masu sayar da kayan mota suna da magani na fesawa mai kumfa, wanda aka yi domin wannan aiki. Karanta abin da aka rubuta jikin gwangwanin, ko ka ba makanike. Bayan an fesa, buɗe ƙofofi duka, ka bar fanka tana aiki har iskan ya washe.

5. Shanya tapi a rana har ya bushe sarai.

Abubuwan da za ka kiyaye

Turare yana rufe wari na ɗan lokaci, amma hunhuna tana nan. Ƙara gaz ma ba ya kashe ta. In wani ya ce ka biya kuɗin gaz domin maganin wari, riƙe kuɗinka. Kada ka kwance tiyon gaz da hannunka: gaz ɗin yana fita da ƙarfi, yana ƙona fata da sanyi, yana lahanta ido.

Ka kuma bambance wari. In warin hayaƙi ne ko na mai, sauke gilashi, ka tsaya, ka nemi makanike nan da nan. Hayaƙin inji yana kisa. Don haka kada ka bar inji yana aiki cikin rufaffen gareji.

Rigakafi

Ga dabara wadda ba ta cin ko dala. In saura minti 5 ka isa, kashe kilim, ka bar fanka tana hurawa da iskan waje. Ƙarfen zai bushe kafin ka ajiye mota. Direban da ya taso daga Yamai zai shiga Maraɗi, ko daga Tawa zai shiga Ƙonni, sai ya fara haka tun daga bakin gari. Inda babu laima, hunhuna ba ta tsira.

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta wa abokinsa na tasha. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya.