Sauya Katin Hoton Kwamfuta: Kuɗin Bai Tsaya Kan Katin Ba

Masu shagunan ɗab'i da tace bidiyo sukan sayi sabon katin hoto domin ƙara wa kwamfutar tebur ƙarfi, su manta da akwatin da ke rarraba wuta a cikinta.

Katin RTX 3060, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2021, yana jan wat 170, kuma kamfanin ya ba da shawarar akwati mai wat 550. Galibin kwamfutocin ofis na gwanjo kuwa ba su wuce wat 300 ba. In aka matsa musu, sai su riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki. Wasu ma filoginsu na musamman ne, ba kowane sabon akwati ke dacewa da su ba.