Labarin tsohuwar mota "Mil Kilo"

Yau za mu yi zancen wata tsohuwar motar ɗaukar mutane. Sunanta "mil kilo". Da faransanci ma'anarsa kilo dubu, wato nauyin kayan da aka yi ta don ta ɗauka.

Gidan ƙera motoci na Renault, a ƙasar Faransa, shi ya yi ta. An soma saida ta a shekara ta 1947, bayan yaƙin duniya na biyu. Motar kaya ce tun farko. Amma da ta iso Afirka, sai aka jera mata bencina, ta koma ɗaukar mutane a birane kamar Dakar da Abijan.

Mi ya sa ta daɗe tana aiki? Dalili ukku ne.

Na ɗaya: tana da shasi. Shasi dogayen ƙarafa ne da ke ƙarƙashin mota, tamkar ginshiƙan rumbu. Bisa gare su ake aza jikinta. In jiki ya lalace, maƙeri ya gyara shi, shasi na nan.

Na biyu: moter ɗinta yana gaba, kusa da direba, shi kuwa yake juya ƙafafun baya. Kaya na danne ƙafafun baya, sai su kama ƙasa da kyau. Ga ta da tsawo daga ƙasa, cikinta bai cika taɓa tudu ba.

Na ukku: aikinta ba wuya. Moter mai silinda 4 ne. Makaniki na iya kwance shi da ƴan kayan aiki kaɗan.

A shekara ta 1965 aka daina ƙera ta. Wata mai suna Saviem SG2 ta gaje ta har 1982. Ita ce ƴan Dakar suka yi wa fenti shuɗi da rawaya, suna ce mata "kar rapid". An aje guda a wani gidan tarihi na birnin Paris tun 2015.

Ƴan uwa, mu duba sunan nan da kyau. Kilo dubu buhu 10 ne masu kilo ɗari ɗari. Kowace mota na da iyakarta, kamar jaki. In kaya sun yi yawa, taya na fashewa, burki ba ya kamawa. Ranar kasuwa, in kun ga mota ta cika maƙil, ku jira ta baya. Gara jinkiri da hatsari.