Yadda ake ƙirƙiro wasannin kwamfuta da wutar hasken rana

Wasu 'yan ƙasar Kanada su biyu sun shafe shekaru suna ƙirƙiro wasannin kwamfuta a cikin wani ƙaramin jirgin ruwa, inda akasarin wutar da suke aiki da ita kan fito daga allunan sola da ke kafe a saman jirgin.

Mutanen biyu, wato Rek Bell mai zane-zane da Devine Lu Linvega mai rubuta manhaja, sun raɗa wa ɗan kamfaninsu suna Hundred Rabbits.

A shekara ta 2016 ne suka sayi jirgin, wanda ke tafiya da ƙarfin iska, mai suna Pino. Tsawonsa bai wuce mita 10 ba, kuma shi ne gidansu, shi ne ofishinsu.

Daga gaɓar yammacin Kanada sun gangara zuwa Meziko, suka ratsa tekun Pasifik ta tsibiran Polinisiya zuwa New Zealand, sannan suka isa Japan a 2019. A shekara ta 2020 suka koma gida, bayan kwana 51 suna kan ruwa ba tare da sun taka ƙasa ba.

Abin da suka koya a wannan tafiya ya ja hankalin masu rubuta manhaja a ƙasashe da dama, musamman waɗanda ke zaune a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Lissafin wuta

Duk wanda zai dogara da hasken rana, tilas ne ya riƙa ƙidaya wutarsa kamar yadda magidanci ke ƙidaya buhunan hatsin da suka rage masa a rumbu.

Allon sola mai ƙarfin wat 200, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba da wutar da ake lissafawa a matsayin wat 1,000 na awa guda.

To sai dai ba dukkanta ke shiga hannu ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu kan salwanta ta dalilin zafi da ƙura da wayoyi da kuma cajin batir, saboda haka abin da zai rage bai wuce 750 ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau da kullum, mai cin wat 30, za ta cinye 240 a aikin awa takwas. Ke nan wutar za ta ishi mutum biyu, har a samu rarar kunna fitilu da cajin waya.

Amma babbar kwamfutar tebur irin wadda manyan kamfanonin wasanni ke amfani da ita, wadda kan ci wat 400, za ta lashe wutar yini guda cikin ƙasa da awa biyu. Akwai ma na'urar sarrafa hoto ta kamfanin Nvidia, RTX 4090, wadda ita kaɗai kan ci wat 450.

A ɗaya gefen kuma, 'yar ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, wat biyar zuwa bakwai take ci in ban da allon kallo.

Batir ma yana da nasa sharaɗin. Batir irin na da, mai dalma da ruwan asid, mai bolt 12 da amfiya 100, yana ɗaukar 1,200 a lissafi, amma masana na ba da shawarar kada a sha fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko. Batir na litiyam ya fi shi juriya, sai dai ya fi tsada.

Haka kuma inbata, wadda ke mayar da wutar batir irin ta soket, takan ci kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da ya ratsa ta. Wannan ne ya sa da yawa daga masu zama a jiragen ruwa ke cajin kwamfutocinsu kai tsaye daga batir.

Manhajojin da suka gagara

Ba a daɗe da fara tafiyar ba, mutanen biyu suka gano cewa kayan aikin da suka saba da su an yi su ne domin mai zaune a birni, wanda wuta da intanet ba sa yanke masa.

Manhajar zane ta Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya mayar ta haya tun 2013, kan buƙaci a shiga intanet lokaci-lokaci domin tabbatar da cewa an biya kuɗi. A tsakiyar teku kuwa babu hanyar yin hakan.

Ita ma manhajar Xcode, wadda kamfanin Apple ya tanada domin masu yi wa iPhone manhajoji, sabuntawarta kan kai gigabait da dama. Sauke irin wannan ta layin waya a wani tsibiri mai nisa aiki ne na kwanaki, ga kuma tsadar data.

Bugu da ƙari, manyan manhajojin kan sa kwamfuta ta yi zafi ta zuƙe batir, a jirgin da ke buƙatar wutar domin fitilu da rediyo da na'urorin gano hanya.

A maimakon su ƙara yawan alluna da batura, abin da ƙaramin jirgi ba shi da wurin ajiyewa, sai suka yanke shawarar rage abin da suke ci.

Sun fara rubuta nasu kayan aikin: Left domin rubutu, Dotgrid domin zane, da Orca domin tsara kiɗa, wadda daga baya ta samu karɓuwa a wajen makaɗan zamani.

Kwamfuta a cikin kwamfuta

Da farko sun gina waɗannan manhajoji a kan wani tsari mai suna Electron, wanda shi ma yana da nauyi, domin kowace manhaja kan zo da nata burauza a ciki.

Daga nan suka koma ga harshen C, har ma suka sake rubuta wasansu na karta mai suna Donsol domin na'urar NES ta kamfanin Nintendo, wadda ta yi tashe a shekarun 1980.

A shekara ta 2021 suka fitar da Uxn, wadda tamkar wata 'yar kwamfuta ce da ke zaune a cikin kowace kwamfuta, kuma ma'ajiyarta kilobait 64 ce kacal.

Hikimar ita ce, duk wasan da aka rubuta domin Uxn zai yi aiki a kan duk na'urar da aka koya wa fahimtarta. Masu sha'awa sun sa ta a tsofaffin kwamfutoci, da Raspberry Pi, har da na'urorin wasa na hannu irin su Nintendo DS.

Wasansu da ya fi suna, Oquonie, wanda ya fara fita a kan wayoyin Apple a 2014, shi ma sun sake rubuta shi a wannan tsari.

Ƙanƙantar ba baƙon abu ba ce a tarihin sana'ar. Wasan Super Mario Bros na 1985, wanda aka sayar da miliyoyinsa, kilobait 40 ne gaba ɗayansa, alhali wasu manyan wasannin yau sun haura gigabait 100.

Wani misalin mai kama da wannan shi ne na mujallar Low-tech Magazine, wadda tun 2018 take gudanar da shafinta na intanet da hasken rana daga birnin Basalona na ƙasar Sifen. Shafin na nuna wa mai karatu yawan cajin da ya rage a batir, kuma yakan ɗauke idan hadari ya daɗe a sama.

Abin da ake sadaukarwa

Wannan hanya dai tana da iyakarta.

Mai aiki da 'yar wuta ba zai iya yin irin manyan wasannin nan masu hotuna kamar fim ba, domin su suna buƙatar kwamfutoci masu ƙarfi da ɗaruruwan ma'aikata.

Yanayi ne kuma ke tsara lokacin aiki. Ayyuka masu cin wuta a kan yi su da tsakar rana, lokacin da allunan ke kan ganiyarsu. Ranar da gari ya lumshe kuwa, sai a koma ga takarda da fensir.

Akwai kuma batun kasuwa. Manyan shagunan manhajoji kan tilasta wa masu wasanni su riƙa sabunta kayansu, wanda kuma ya ƙi bin wannan tsari zai rasa miliyoyin masu saye.

Hundred Rabbits na samun kuɗin shiga ne ta hanyar sayar da wasanni da littattafai a intanet, da kuma gudummawar wata-wata daga magoya baya. Yawancin manhajojinsu kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta su ya gyara.

Ina labarin Afirka?

A nahiyar Afirka matsalar wuta ta daɗe tana ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya.

Kamfanin Kiro'o Games da ke birnin Yawunde na Kamaru ya yi fama da ɗaukewar wuta a lokacin da yake aikin wasansa mai suna Aurion, wanda ya fito a 2016.

A Nijeriya kuma, janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa gudanar da janareta ya gagari ƙananan masu sana'a da yawa, abin da ya ƙara karkata hankali ga sola, wadda farashin allunanta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2020.

Ta fuskar rana, garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram sun fi gaɓar Kanada sa'a, domin sukan samu awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi a matsakaicin yini.

Sai dai yankin na da nasa ƙalubalen. Ƙurar hunturu kan rufe fuskar allo ta rage ƙarfinsa, in ba ana goge shi a kai a kai ba.

Zafi ma abokin gaba ne. Ana auna ƙarfin allo ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ɗigo ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Haka nan zafin bazara kan gajarta rayuwar batir.

Wani abin da sau da yawa akan manta wajen lissafi shi ne sanyaya ɗaki. Fankar silin ta gargajiya kan ci wat 60 zuwa 75, wato ninki biyu na kwamfutar da ake aikin da ita, ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa kusan wat 1,000.

Ga matashin da ke son shiga sana'ar, akwai manhajojin ƙirƙiro wasanni marasa nauyi, irin su Godot, wadda kyauta ce tun 2014, ba ta buƙatar intanet kafin ta buɗe, kuma tana aiki a kan kwamfutar hannu ta biyu.

Bisa lissafin da aka yi a sama, allo ɗaya mai wat 200 da batir guda za su iya riƙe irin wannan kwamfuta na tsawon yinin aiki, muddin dai an tuna an goge allon da safe.